Ka Biya Kuɗin Jirgi Zuwa Tsibiri, Ka Ƙare a Ɗaki Kana Kallon Fim?



Yau ra'ayi zan faɗa, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, akwai saitin waya da zai yi muku amfani. Maganar ita ce: idan Allah ya hore wa mutum ya tafi hutu wuri mai nisa, musamman irin tsibiran nan na cikin teku da ake yayin zuwa yanzu, ya dace ya zauna kallon talabijin ko fim a waya, ko kuwa ya jingine kallo gaba ɗaya har sai ya dawo?

Kada wani ya ce ai wannan maganar masu kuɗi ce, ina ruwanmu. Yanzu ango da amarya daga nan Kano suna tafiya Zanzibar bayan biki, jirgin Ethiopian Airlines yana ɗaukar mutum daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, daga can ya sauya zuwa tsibirin. Wanda ya je Legas sari ma yakan hau kwalekwale ya tsallaka Tarkwa Bay ya ga teku. Wanda kuma bai taɓa hawa jirgi ba, ai yana zuwa Tiga, yana zuwa Yankari, yana zuwa ƙauye da Sallah. Duk matsalar ɗaya ce. Zan yi misali da Zanzibar ne saboda a nan asarar ta fi fitowa fili.

Matsayata a taƙaice: ban ce kada a yi kallo ba. Amma duk abin da za ka iya kallo kana kwance a ɗakinka a Gyadi-Gyadi, bai kamata ya cinye maka lokacin abin da ba za ka taɓa gani ba sai a can. Ka yanka wa kallo lokacinsa tun kafin ka bar gida, don idan ka bari sai ka isa, shi zai yanka maka.

TALABIJIN ƊIN YANZU A ALJIHU TAKE

A da, idan mutum ya yi tafiya, ya rabu da kallo ke nan. Talabijin tana falo, ba ta bin kowa tasha. Ko ka samu wata a otal, tashoshin ƙasar ne da yaren da ba ka ji, minti goma ka gaji ka fita waje. Yanzu labari ya sha bamban. Labarina yana YouTube, Izzar So yana YouTube, shirye-shiryen Arewa24 irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in ana samunsu a waya, ga fassarar finafinan Indiya, ga TikTok da ba shi da ƙarshe. Akwatin da ke rataye a bangon otal ba shi ne abin tsoro ba, wanda ke aljihunka ne, don shi yana binka har bakin ruwa, har kan teburin cin abinci, har cikin kwalekwale.

Kuma manhajojin nan ba a gina su don ka kalli ɗaya ka tashi ba. Kana gama kashi ɗaya, na gaba ya fara da kansa cikin 'yan daƙiƙu. Ba sai ka yanke shawarar ci gaba ba, an yanke maka. Abin da ake bukata daga gare ka shi ne ƙarfin halin tsayawa, kuma mutumin da ya sha tafiya, ya ci ya ƙoshi, ga sanyin esi, ga gado mai laushi, ba shi da wannan ƙarfin halin. Shi ya sa "bari in ga ɗaya kawai" da aka faɗa bayan azahar take kai mutum magariba.

MU YI LISSAFI

Mu ɗauka tafiyar kwana 5 ce. Idan ka cire barcin awa 8 kullum, saura awa 16, sau 5 ya zama awa 80. Waɗannan awa 80 ɗin su ka saya da kuɗinka. Yanzu ɗauki duk abin da ka kashe, tikiti, biza, otal, abinci, ka raba da 80. A matsayin misali kawai, a ce naira miliyan 2 ne. Kowace awa ta tashi a kan naira 25,000.

To ka ga kashi ɗaya na shiri mai dogon zango da ke cin kusan awa guda, ka kalle shi a kan naira 25,000. Shirin da in ka dawo gida za ka kalla da datar da ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba. Idan kana yin awa 4 kullum a kan kallo, awa 20 ke nan a kwana 5, kwata na tafiyar gaba ɗaya, naira 500,000 a wannan misali namu. Wallahi da wani zai tare ka a Farm Centre ya ce ka ba shi rabin miliyan ya tura maka finafinai 20 a memori, sai ka ce a kai shi Dawanau a duba shi.

Saka naka adadin, ko na zuwa Yankari ne na dubu ɗari. Lissafin ba ya canzawa. Fim yana jiranka, ba ya ruɓewa, ba ya gudu. Kwanakin da ka biya su ne suke gudu.

ME KAKE BARI A WAJE?

Wani zai ce to in na fita me zan gani, ba ruwa ba ne kawai? A'a malam.

Zanzibar wani yanki ne na ƙasar Tanzaniya, sun haɗe da Tanganyika a 1964, manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Za ka ji kiran sallah, za ka ga mata da hijabi, za ka ci abinci hankalinka kwance. Tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, lunguna ne matsattsu kamar ka shiga cikin Kurmi ko Dala, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa. A nan ne aka yi yaƙin da ake cewa ya fi kowane gajarta a tarihi, tsakanin Ingila da Sarkin Zanzibar a watan Agustan 1896, kimanin minti 40 aka gama. Bai kai rabin wasan ƙwallo ba. A nan ne kuma ake da wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Da dare ana kasa abincin teku a lambun Forodhani a bakin ruwa. A tsibirin Changuu akwai manyan kunkuru, a dajin Jozani akwai wasu jajayen birai da asalinsu na can ne, ga gonakin kanumfari da sauran kayan ƙamshi, ka ga abin da kake saya a ƙulle a Kasuwar Rimi yana rataye a jikin bishiyarsa. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, teku yana janyewa can nesa idan lokacinsa ya yi, mata su shiga aikin noman ciyawar teku, bayan wasu awanni ruwan ya dawo ya rufe wurin. Ga mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne Tiga ko Challawa, wannan kaɗai abin zama a yi tasbihi ne.

Sannan ga harshensu. Suwahili ya ari kalmomin Larabci kamar yadda Hausa ta ara. Suna cewa habari, muna cewa labari. Suna cewa asubuhi, muna cewa asuba. Dunia, duniya. Sabuni, sabulu. Akili, hankali. Ka zauna da mai sayar da shayi minti 20 kuna haɗa kalmomi, za ka taho da abin ba da labari har ga jikoki. Wannan babu shi a YouTube ɗinka, don da kai ake yinsa.

Mu juya abin ta wajenmu. A ce Bature ya taso daga Jamus ko Amurka don ganin Hawan Sallah na Kano, wanda UNESCO ta amince da shi cikin al'adun duniya a Disambar 2024. Ranar Hawan Daushe, dawakai sun cika Ƙofar Kudu, ana ta busa algaita, shi kuma yana kwance a otal yana kallon shirin garinsu. Me za mu ce da shi? To abin da mutanen can za su ce da kai ke nan. Hausawa suka ce gani ya kori ji, amma sai in an fita an gani.

Abin da ya fi wannan nauyi kuma shi ne wanda kuka tafi tare. Amarya ta baro gidansu, karo na farko ke nan da za ku zauna ku biyu babu 'yan biki, babu dangi, babu abokai masu kira. Idan a wannan satin ma fuskarka na kan sikirin, ita ma ta ɗauko tata, to kun koya wa juna yadda zaman zai kasance in kun dawo. Haka yara. Ba za su tuna fim ɗin da Baba ya kalla ba, amma za su tuna ko ya shiga ruwa da su ko bai shiga ba.

MASU CEWA A BAR SU SU KALLA

Suna da hujjoji, kuma wasu daga ciki masu ƙarfi ne. Bari mu bi su.

Na farko: "Hutu na zo, kuɗina ne, in na ga dama in kwanta." Gaskiya ne. Mutumin da yake fita bakwai na safe ya dawo tara na dare a Kwari ko Singer, wata shida bai yi barcin rana ba, babu wanda zai ce masa dole ya yi ta yawo kamar ɗan aike. Hutu ba jarrabawa ba ne. Amma a bambanta hutawa da kallo. Barci hutu ne. Zama a inuwar kwakwa kana jin iska hutu ne. Awa biyar kana jan TikTok da babban yatsa, ka tashi ido na zafi, wuya ya sage, kai ya yi nauyi, kai ma ka san ba ka huta ba. In kuma burinka kawai ka kwanta ka yi kallo a sanyi, ai otal a nan Nassarawa ya wadatar, ka ajiye kuɗin jirgin.

Na biyu: rana da ruwan sama. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Tsakar rana a bakin teku ba lokacin yawo ba ne, kuma Zanzibar tana da damina mai ƙarfi daga Maris zuwa Mayu, da wata ƙarama wajen Nuwamba. Ranar da aka wuni ana ruwa, ko tsakanin azahar da la'asar da rana ta take, kalli abinka. Ai dama wannan shi ne gurbin da nake cewa a ba kallo.

Na uku: yara. Jirgi daga Kano zuwa Addis Ababa, zaman jira, sannan wani jirgin, yaro ɗan shekara huɗu ba zai jure ba. Katun da aka sauke a waya rahama ne a wannan lokacin. Amma a hanya, ba a bakin ruwa ba. Yaro da yashi da bokiti ba ya neman waya sai in ya ga babba da ita.

Na huɗu: ƙwallo. Nan ne 'yan Arsenal da Man U da Barca za su ce mini kada ma ka fara. Ban hana ba. Amma ka san agogon can yana gaban namu da awa 2. Wasan Zakarun Turai da muke kallo ƙarfe 8 ko 9 na dare a Kano, can ƙarfe 10 ko 11 ne, ka ga bai ci maka komai na rana ba. Wanda zai ci ka shi ne wasan Firimiya na yammacin Asabar, don yana faɗawa daidai lokacin faɗuwar rana, lokacin da ya fi kowane kyau a bakin teku. Shawarata, ka zaɓi wasa ɗaya da ba za ka iya bari ba, kuma kada ka kalle shi kai kaɗai a ɗaki. Mutanen Tanzaniya mayun ƙwallo ne, yadda suke rigima a kan Simba da Yanga ko 'yan gidan kallon Unguwa Uku sai su sara musu. Ka nemi inda 'yan gari suke kallo ka zauna cikinsu. Wannan kallon ya zama wani ɓangare na tafiyar.

Haka ma talabijin ɗin otal. Ka kunna tashar ƙasar minti 15, ka ga labaransu, tallansu, wa'azinsu, waƙarsu. Zanzibar tana da tashar talabijin tun shekarun 1970, alhali babban yankin Tanzaniya bai samu ba sai 1994. Irin wannan kallon ilimi ne. Wanda nake ƙi shi ne ka ɗauko Kano a aljihu ka je can ka buɗe ta ka shige ciki.

ABIN DA WAYAR KANTA TAKE FUSKANTA

Yanzu bari in yi magana a matsayin mai gyara. Ko ba ka damu da lokacinka ba, ka damu da wayarka, don bakin teku yana haɗa manyan maƙiyan waya guda uku a wuri ɗaya: zafi, gishiri, yashi.

Zafi tukuna. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyi ma kusan haka ne. Idan kana kallon bidiyo kai tsaye a cikin rana, hasken sikirin yana ƙurewa sama don ka iya gani, injin yana aiki, ɓangaren sabis yana jan data, in kuma ka jona fawabank ka ƙara wuta a kan wuta. Shi ya sa za ka ga sikirin ya dushe da kansa, caji ya tsaya, ko wayar ta rubuto maka cewa sai ta huce. Batirin lithium ba ya mantawa da irin wannan. Zafi yana tsufar da shi da wuri, wani ya kumbura har ya ɗaga murfin baya ko sikirin. Kuma kada ka ce za ka sa ta a firij ta huce, raɓa za ta taru a ciki. Ka cire rigarta, ka ajiye ta a inuwa kawai.

Sai gishiri. Mutane da yawa suna ganin an rubuta IP68 sai su ɗauka wayar kifi ce. Gwajin da ake yi da ruwan daɗi ake yinsa, mai tsabta, wanda ba ya motsi. Manyan wayoyin Samsung Galaxy S, misali, mita 1.5 ne na minti 30. Ruwan teku daban ne. Gishiri yana ratsar da wuta, yana cin ƙarfe, ko ruwan ya bushe shi yana nan yana aiki. Waya za ta iya dawowa Kano lafiya lau, bayan sati biyu caji ya fara wasa, sifika ta shaƙe, a buɗe a ga ramin caji ya yi kore. Sannan kariyar ruwan nan gam ne da roba, suna saki da tsufa da faɗuwa. Duk wayar da aka taɓa buɗewa, aka canza mata sikirin ko batir, da irin wadda muke kira Landan-yus da ba ka san tarihinta ba, ka ɗauka kawai ba ta da wannan kariyar. Yawancin Tecno, Infinix, Itel da Redmi da ke hannun jama'a kuwa dama ba a yi su don nutso ba. Kuma garantin kamfani ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. A iPhone akwai ɗan farin tabo a ramin layi da yake komawa ja idan ruwa ya taɓa shi, ba a iya musu.

Yashi kuma yana shiga ramin caji da sifika, yana karce gilashin kyamara. Wanda ya zauna awa biyu da waya a hannu a bakin ruwa ya ba waɗannan ukun dama. Wanda ya ɗauki hoto ya mayar da ita jaka ya tsira.

Ga kuma data. A lissafin Netflix, awa ɗaya na kallo yana iya cin har 1GB a matsakaicin hoto, har 3GB a hoto mai kyau sosai. Mu da muke kuka tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ka yi tunanin jan wannan da layinka na Najeriya a wata ƙasa, inda ake cajinka kuɗin romin. Kafin ka ankara katin da ka sa don kiran gida ya tafi.

YADDA ZA KA TSARA ABIN

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yi waɗannan tun kana gida:

1. Sauke abin da za ka kalla tun a Kano, kuma ka ƙayyade. Tafiyar kwana 5, kashi 5 ko fim 3 sun isa. Idan abin da ka sauke ya ƙare, kallo ya ƙare. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace aiki, don abin da aka sauke yana da iyaka, na kai tsaye ba shi da ita. Ka kunna kowanne ka gwada da data a kashe kafin ka tashi.

2. Kashe abin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. A YouTube maɓallin yana saman bidiyon da kake kallo, a Netflix yana cikin saitin asusunka. A Facebook ma ka hana bidiyo tashi da kansa.

3. Sa wa manhajoji awo. A Android ka shiga saitin waya, ka nemi Digital Wellbeing, ka sa wa TikTok, YouTube da Facebook iyakar minti. A iPhone ka shiga Screen Time ka yi haka, ka sa lambar sirri. In da hali ka bar Madam ta sa lambar a wayarka, kai ma ka sa a tata. Adalci ke nan.

4. Kashe datar romin a layinka na Najeriya, amma ka bar layin a kunne saboda saƙon banki. Idan ka isa ka sayi layin can, akwai Vodacom da Airtel, ka tafi da fasfo don rajista. Idan wayarka tana ɗaukar eSIM za ka iya saya tun kafin ka tashi. Danna *#06#, in ka ga lambar EID to tana ɗauka.

5. Sauke abin da zai fitar da kai waje, ba wanda zai zaunar da kai ba: taswirar wurin a Google Maps, harshen Suwahili a Google Translate, sannan ka gyara garin da kake a manhajar lokutan sallah da alƙibla. Ka kula, a Suwahili ana ƙirga awa daga fitowar rana ne, abin da suke kira ƙarfe ɗaya na safe shi ne ƙarfe 7 namu. Idan mai kwalekwale ya ba ka lokaci, ka sa ya nuna maka a agogo.

6. Fawabank a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Mai 20,000mAh yana ƙasa da iyakar 100Wh da kamfanonin jirgi suka saba amincewa da ita. Soket ɗin Tanzaniya yawanci irin namu ne mai ƙafa uku, cajarka za ta shiga.

7. Sayi jakar roba mai hana ruwa shiga, ana samu a Farm Centre da Beirut. Kafin ka sa waya, sa tishu a ciki ka nutsa a bokiti minti 10 ka gani.

8. Idan ka shiga asusunka na YouTube ko Netflix a talabijin ɗin otal, ka fita kafin ka miƙa makulli, in ba haka ba wanda zai kwana bayanka ya gaji asusunka. Kuma kada ka buɗe manhajar banki a kan Wi-Fi ɗin da kowa ke hawa, yi da datar layinka.

9. Ka ɗora hotunanka a Google Photos ko iCloud kowane dare. Waya tana iya faɗawa ruwa, hoton amarci ba ya maimaituwa.

In kuma tsautsayi ya sa ta faɗa teku: kashe ta nan take, kada ka jona caji, kada ka yi ta kunnawa don ka ga ko tana yi. Cire riga da layi, goge ta da tsumma mai ɗan damshin ruwan daɗi don gishirin waje ya fita, ka bar ta inda iska ke kaɗawa. Ban da na'urar busar da gashi, ban da shanya a rana. Shinkafa kuma ba ta cire gishiri, Apple ma ya ce a daina sa waya a ciki. Ka kai wa mai gyara da wuri a buɗe a wanke injin, kowace rana da ta wuce gishirin yana ƙara ci.

Sai dokar da za ka ɗaura wa kanka: daga asuba zuwa azahar, da daga la'asar zuwa isha, waya kyamara ce da taswira kawai. Kallo yana da tsakar rana, da bayan isha, da ranar ruwa, da cikin jirgi. Hotunan ma ka tara su ka sa a sitatus sau ɗaya da dare, maimakon kowane minti goma kana leƙa wa ya gani wa bai gani ba.

BA SAI ZANZIBAR BA

Wanda ya je Yankari ya tarar da ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana, ga giwaye a daji, ya ƙare a ɗaki yana neman sabis, shi ma ya yi wannan asarar. Wanda ya kai iyali Tiga ya zauna a mota da waya, haka. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai zuwa ƙauye sau ɗaya a shekara, kaka tana zaune a tabarma tana son ta ba shi labarin gidansu, shi kuma ya toshe kunne yana kallon fassara. Teku yana nan ko bayan shekara ɗari. Kakar fa?

Don haka amsata ga mai tambaya ko ya yi kallo a wurin hutu ita ce: yi, amma kaɗan, wanda ka zaɓa tun daga gida, a lokacin da babu abin da ya fi shi a waje. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ga wanda ya ɗaga kai.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin tafiya, musamman angwayen da ke tafe. Allah ya hore mana na zuwa, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, mu da wayoyinmu.